Awon Fanko

A ranin 1994 kawuna ya kwanta rashin lafiya, ya danƙa mini amanar tumatirinsa na Kadawa tare da makullin a-kori-kurarsa, Peugeot 504 haɗin Kaduna. Da na ga kwanduna sun fi ƙarfin bodin motar, sai na aro wata 'yar tirela mai ƙafa biyu wajen maƙwabci. Lokacin lissafi nake koyarwa, ina kuwa ji da kaina. Na ɗauko tef na auna: ƙugiyar mota inci 17 daga ƙasa, bakin wuyan tirela ma inci 17. Na ce magana ta ƙare.

Abin da ya shige mini duhu, mai karatu, fanko na auna su. Da aka gama lodi, sifirin ɗin baya ya kwanta, gindin mota ya sauka, wuyan tirela ya sunkuya kamar mai faɗuwa gaban sarki. Ba mu yi nisa ba, a hawan wata kwalbati, ƙarfe ya kafe a ƙasa. Na sa ribas, na karya sitiyari har ƙarshe, sai kusurwar tirela ta daki fitilar baya ta tarwatsa ta. Ga rana na ɗagawa, tumatir kuwa ba ya jiran kowa, dillalan Kwanar Gafan ma sun fi kowa sanin haka.

Dole muka kwance tirelar, muka sauke kayanta, muka tura ta rumfar wani tsoho mai walda a bakin hanya. Ko kallon tef ɗina bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai jaki sai da mangala a bayansa ake sanin tsayinsa." Ya bar mota da lodinta, ya sa wani ƙato ya taka ƙugiya, sannan ya gwada da karan dawa. Ya ɗaga ƙugiyar da faranti mai kauri kamar inci 4, har tirela ta tsaya daidai wa daida. Wuyan ma ya ƙara masa tsawo ya zarce rabin faɗin mota, don komai tsananin kwana kada bodi ya taɓa bodi.

Wajen sake lodi muka ɗan yi gardama. Ni so nake a mayar da nauyi can baya don wuya ya huta. Ya girgiza kai, ya ce in na yi haka, da na ɗan taka mota tirela za ta fara kaɗa wutsiya har ta kifar da mu. Ya jera kwanduna bisa ƙafafun, ya ɗan rinjayar da su gaba. Daga baya na karanta cewa wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin ake so ya hau kan ƙugiya.

Sai bayan azahar muka isa kasuwa, manyan motocin Kudu sun cika, na sayar yadda dillali ya ga dama. Da dare na kai wa Kawu kuɗin. Ya ƙirga sau biyu, ya tura ƙarƙashin matashi, ya ce, "To, fitilar fa?"