Gyara da Tarko

A Kasuwar Kurmi, idan mai sayarwa ya gama awo, yakan ƙara wa mai saye ɗan wani abu a kai. Wannan shi Bahaushe ke kira gyara. A matsayina na mai nazarin harshe, kalmar ta daɗe tana ƙayatar da ni, domin tana nuna cewa ciniki ba ya cika sai an faranta ran mai saye. Sai dai fa akwai gyaran da tarko ne.

Misali, tsakanin 1910 da 1912, kamfanin American Tobacco na ƙasar Amurka ya riƙa haɗa wa masu sayen sigarin Sweet Caporal kyautar ƙananan bajoji na maƙalawa a riga, masu ɗauke da hotunan gwanayen wasan besbol, irin su Ty Cobb da Christy Mathewson. Manya ke shan tabar, amma har yara na kwaɗayin bajon, kuma ba ya taruwa sai an yi ta saye.

Mu a cikin birnin Kano ba mu san besbol ba, amma mun san kwalin taba. Muna yara, wajejen 1980, mukan zagaya teburan masu sigari daga Yakasai zuwa Ƙofar Mata, muna tsintar kwalayen da aka yar. Su ne kuɗinmu na wasa, kowane iri da darajarsa, mai ruwan zinariya shi ne babba. Tun ba mu iya karanta Magana Jari Ce ba muka haddace sunayen sigari. Da muka tasa, wasu abokan wasanmu sai suka koma neman abin da ke cikin kwalin.

Gaskiya ne, dokar da Nijeriya ta kafa a 2015 ta hana tallar taba a bainar jama'a da sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Amma doka ba ta shiga aji, malami ke shiga. Saboda haka, ya ku malaman gobe, ku koya wa ɗalibanku feɗe kalmomin talla, kamar kyauta da garaɓasa, kamar yadda suke feɗe jimla: wane ne mai bayarwa, kuma me yake nema? Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.