Wane ne Annasara?

A bakinmu kalmar Annasara aiki biyu take yi: tana nufin Bature, tana kuma nufin kirista. Haka na taso na ji ana faɗa, kuma a zamanin kakanninmu maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, don a 1910 kashi biyu cikin uku na kiristocin duniya a Turai suke zaune. Zuwa 2010 rabon Turai ya dawo wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Afirka kuwa, wadda kiristocinta ba su wuce miliyan 10 ba a 1900, yanzu ta haura miliyan 600. Abin lura, mafi yawan wannan ƙaruwa ta zo ne bayan Turawan mulki sun naɗe tabarmarsu. Haihuwa ta taimaka, lakwal da asibiti sun taimaka, amma babban dalili a ganina shi ne wa'azin ya koma bakin ƴan ƙasa, cikin harshensu. Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa tun 1932. Yau majami'un Legas ke buɗe rassa a Landan, limaman Katolika baƙar fata kuma su ke cike gurbi a ƙauyukan Faransa.

A nan Nijar guguwar ba ta kaɗa sosai ba. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa lodin albasa a Galmi ya ga taron marasa lafiya a ƙofarta, galibinsu musulmi, ba wanda aka tambaye shi addininsa kafin a duba shi. Duk da haka, ƙidayar 2012 ta nuna kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba.

Ƙarancin nasu ne ke damuna, jama'a, domin mai rauni shi ake huce haushi a kansa. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Zanen ya ƙona min rai kamar kowane musulmi. Amma a Paris aka yi shi, cikin mujallar da ta sha yi wa Paparoma kansa izgili. Waɗanda aka ƙone wa wurin ibada kuwa, wasunsu Hausawa ne da Zabarmawa da Gurmawa, wasu kuma ƴan Benin da Togo ne, masu koyarwa, masu ɗinki da makanikai, da muke cin kasuwa ɗaya da su shekara da shekaru.