Kallon Ƙwallo a Tsaye

Mu da muka tashi a Wurno ba mu san kujera a filin ƙwallo ba. Igiya ake ɗaurawa, mu tsaya bayanta cikin rana da ƙura, yara a gaba, dogaye a baya. In 'yan Rabah ko na Goronyo za su zo, a-kori-kura ke kawo su, da kalangu da kirari. A yi ta gori, amma in an tashi, a gidajenmu suke cin tuwon shinkafa. Ta haka na sami yawancin abokaina na can.

Ko a 1980, da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Ikko ta ɗauki Kofin Afirka, a tsaye muka kewaye rediyo guda har Odegbami ya jefa biyu.

Yau samari kan benci suke a gidan kallo, suna gardamar Arsenal da Chelsea. Ban ga laifinsu ba. Ya kai mai karatu, wane uba zai saki ɗansa ya bi hanyar Rabah don ƙwallo, alhali ga 'yan bindiga? Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa tsoro ya ɗaure ta. Allah ya buɗe mana hanya, amin.