Komin Dabbobi na Kirsimeti

A shekarar 1223, a wani ƙauyen Italiya da ake kira Gireciyo, Faransis mutumin Asisi ya sa aka zuba ingirici cikin komi, aka ɗaure takarkari da jaki a gefe. Nufinsa talakawa su gani da idonsu irin wurin da Kiristoci suka gaskata an kwantar da Almasihu a Baitalami.

Al'adar nan ta yaɗu. A birnin Nafoli magina sukan yi siffar Maryamu da Yusufu da makiyaya da yumɓu, a jera su cikin majami'a. Kusa da komin kuwa akan ajiye akwatin baiko.

Yaro yakan zo kallo da ɗan kuɗin alewarsa a hannu. Ya dubi jariri kwance bisa ciyawa, ya tuna a unguwarsu ma akwai mai kwana cikin sanyin Disamba ba mayafi. Ya yi jim, sa'an nan ya jefa kuɗin.

Da irin wannan ake saya wa marayu barguna, a gyara rufin majami'a in yana yoyo. Da yayyafi kogi kan cika.