Yini Guda a Sawun Ɗanmu a Alƙahira



Kafin mu tashi Umara a watan Janairun da ya wuce, wata baiwar Allah ta kawo kuka zauren Maigida a nan Kumasi. Ta ce ɗanta da ke karatu a Azhar ya sauya hali: ba ya ɗaukar waya, ba ya maido da amsar saƙo sai bayan kwana biyu, ko turare bai taɓa aiko mata ba. Maigida ya saurare ta har ta gama, sannan ya juyo gare mu ya ce tunda jirginmu zai ya da zango a Alƙahira, mu tsaya mu gano masa yaron da idonmu. Mu biyu muka tsaya, muka kwana a ɗakinsa, muka bi sawunsa yini guda. Gani ya kori ji.

Yaron bai samu gurbi a Madinatul Bu'us ba, wato unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Don haka su shida suka haɗa kuɗi suka kama ɗakuna biyu a Hayyul Ashir, can gefen Madinatu Nasr, inda baƙin Afirka suke da yawa. Ƙarfe huɗu da rabi ya tashe mu. Sanyin hunturun Masar ba irin na harmatan ɗinmu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Ya ɗumama mana ruwan alwala, shi kuwa ya yi da na famfo don kada gas ya ƙare. Bayan Asuba ya zauna ya yi tilawar haddarsa, domin a can Alƙur'ani darasi ne da ake jarrabawa a kansa.

Gari bai gama wayewa ba muka fita, saboda takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Muka tarar da layi ya riga ya miƙe: 'yan Indonesiya, 'yan Maleshiya, 'yan Senegal, 'yan Najeriya, kowa rungume da fayil. Awa uku muna tsaye, da aka zo kansa aka ce akwai takarda ɗaya da sai an sake buga mata hatimi, ya dawo wani mako. Ranmu ya ɓaci. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, “Kawu, wannan zuwana na uku ke nan. Mu hanzarta, darasi ya kusa.”

A cikin ƙaramar bas muka sha mamakin da ya fi kowanne. Mu da muka yi shekaru a gaban malamai muna karanta Ajurumiyya da Risala, muna ganin mun iya Larabci, sai ga shi yaron mota yana magana ba mu tsinci ko kalma uku ba. Bamisire yana mai da jimun ta koma “ga”, ƙafun kuma ya haɗiye ta. Ashe ɗanmu harsuna biyu yake koyo a lokaci guda, na littafi da na titi, kuma in ya rasa na biyun ko burodi ba zai iya saya ba.

Muka isa Darrasa, inda tsangayarsa take, kusa da tsohon masallacin Azhar. Ya shiga aji, mu kuma muka zauna a farfajiyar masallacin da Faɗimiyyawa suka fara ginawa a shekarar 970. Nan muka tuna cewa ɗaliban ƙasashenmu ba yau suka fara wannan wahala ba. Tun ƙarni na 13 Mai Dunama Dabalemi na Kanem ya sa aka tanadar wa mutanensa masauki a Alƙahira, kuma a cikin Azhar ɗin kanta an san rukunin Barebari da na mutanen Takruru. Waɗancan a kan raƙumi suka keto Sahara, wasu ba su sake ganin gida ba.

Da Azahar ya fito da burodi uku da aka cusa wa dafaffen wake, abin da suke kira ful. Shi ne karin kumallonsa, shi ne abincin ranarsa. Muka tambaye shi ko yana kewar koko da ƙosai, ya yi dariya ya ce waken gida da shinkafa ne ke zuwa masa a mafarki. Bai huta ba ya shiga da'irar wani shehi a cikin masallaci har La'asar, domin a cewarsa aji yana ba da takarda, zama gaban malami kuma yana ba da karatu.

Komawa gida ta ci fiye da awa ɗaya cikin cunkoso. Muna tsammanin yini ya ƙare, sai ya buɗe waya ya fara koyar da yara biyu Alƙur'ani, 'ya'yan wani ɗan Zango da ke Ingila. Da wannan ɗan abin yake biyan rabonsa na haya. Ya ce tun watan Maris na 2024, da dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, komai ya yi tsada, masu gidaje kuma suka ƙara kuɗi. Ranar kuma girkinsa ne. Ya dafa wa mutum takwas taliya, ya wanke tukunya, ya ɗauko littafin Usulul Fiƙhi saboda jarrabawa saura kwana tara.

Wajen ƙarfe goma wayarsa ta fara ƙara. A Kumasi lokacin ƙarfe takwas ne, an gama Isha'i, an ci tuwo, hira ta yi daɗi. Muka leƙa muka ga kansa a kan littafi, barci ya kwashe shi a zaune. Da safe ya nuna mana saƙonnin da kunya a fuskarsa: wannan yana son jallabiya, wancan man habbatus sauda, wani kuma ya ce a taimaka masa da kuɗin makarantar ɗa. Ya ce, “Kawu, ba raini ba ne. Ban san abin da zan ce musu ba ne.”

Da muka dawo muka kwashe komai muka gaya wa Maigida, aka kira mahaifiyar. Ta yi kuka, ta ce ita dai muryarsa take so, ba turare ba. Aka daidaita cewa duk Juma'a bayan sallah, ranar da ba shi da aji, zai kira ta.

Saura mu. Mun saba ɗaukar duk wanda ya hau jirgi a matsayin wanda ya samu, alhali waɗannan yara nema suka tafi, kuma abin da suke nemowa mu zai amfana, a makarantunmu da mumbarinmu. Duk mai ɗa ko ƙane a Alƙahira, ko Madina, ko wata uwa duniya, kafin ya aika da jerin buƙatu, ya fara tambayarsa ko ya ci abinci. Mai hali ya tura masa ko sidi ɗari ne, marar hali ya tura addu'a.

Allah Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.