Daga Alkuki Zuwa Fitilar Bango

A gidajen ƙasa na Jahun, magini ba ya gama ɗaki sai ya bar alkuki a jikin bango. Nan ake ajiye aci-balbal, nesa da iska da hannun yaro, hasken ya bugi bango ya dawo a tausashe. Da muka koma ginin bulo sai alkuki ya ɓace, ƙwan lantarki tsirara ya gaje shi a tsakiyar silin, fari fat, mai kashe ido.

Abin bai dame ni ba sai da na lura da 'yata Auta tana aikin makaranta da dare. Hasken na bisa kanta, inuwarta ta rufe littafin, in ta ɗaga kai kuma ƙwan ya soke mata ido. Kullum da ciwon kai take kwanciya.

Ƙanena mai karatun zanen gine-gine ne ya nuna mini aikin Vilhelm Lauritzen, ɗan ƙasar Danmak da ya rayu daga 1894 zuwa 1984. Yana cikin masu aƙidar cewa amfanin abu shi ke yanke siffarsa. Shi ya zana gidan rediyon ƙasar da aka buɗe a 1945 a babban birninsu, har da fitilun cikinsa. Ɗaya daga ciki ta bango ce: tagulla da farin gilashi mai kalar nono, wanda ke ɓoye ƙwan ya baza haske. A ƙofar ɗakunan ɗaukar shiri, takan nuna ja ko kore don a san ko ana aiki. Har yau kamfanin Louis Poulsen na ƙera ta.

Kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna, amma dabarar kyauta ce. Na sa mai wayarin ya ja waya daga batirin solarmu zuwa bango, gefen teburin Auta. Muka sa ƙwai mai ruwan ɗorawa, muka rufe shi da farin murfi. Ƙorafin ciwon kan ya ragu.

Ba mu rasa masu hannu ba. Bida ta shahara da maƙeran tagulla da masu narka gilashi na Masaga. Abin da ya rage mu riƙa nema.

Iyaye masu gini, kafin a yi filasta, ku shiga ɗakin ku tambayi kanku: ina yaro zai zauna karatu, ina tsohuwa za ta ɗauki Alƙur'ani? Can za a kai waya.