Samfefa da Babur ɗin Kakana

Ya mai karatu, ina neman afuwa tun da wuri in ka ji Hausata ta karkace a wani wurin. Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne daga Kuje, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa, kuma har gobe in na yi tuntuɓen harshe a aji abokaina kan ce na soma gwaranci, ni kuwa in ce masu ai gado na yi. Labarin da zan bayar ya faru ne a hutun da ya gabata, a kan wani tsohon babur.

Babur ɗin Honda ne ƙirar CD175, mallakar kakana. Ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata, lokacin yana malamin firamare. A wancan zamani in aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi, domin sai a watan Fabrairun 1976 aka yi dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya. Ke nan babur ɗin ya girmi birnin. Ya yi shekaru jingine a bayan rumbu, har ran nan kawuna ya kawo shawarar a kira 'yan gwangwan su auna shi a sikeli. Kaka bai ce uffan ba, ya dai tashi ya shige ɗaki. Ni ne na roƙi a ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen hutu, da sharaɗin in ban dawo masa da kamanninsa ba a sayar.

Da murfin injin na fara, kasancewar shi ido ke fara gani. Ya dushe kamar an watsa masa toka, ga kwarzane ko'ina. Na sayo burushin waya da samfefa mai kaushi, lamba 80, na hau shi da ƙarfin tuwo. Cikin minti goma na yi masa ɓarnar da shekara hamsin ba su yi masa ba. Washegari na kwance murfin biyu na sa a buhu, sai ƙauyen makanikai na Apo.

Aka nuna mini wani dattijo Bakatsine. Ya jujjuya murfin ya ce, "Ɗan makaranta, wa ya yi wannan aika-aika?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To madalla, ka samar wa kanka aiki. Zauna."

Abin da ya fara gaya mini shi ne wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, goran ruwa ne. A ƙamus kaɗai na taɓa ganin kalmar, yaransa ma alminiyam suke cewa. Ƙarfe ne mai laushi, ba ya jan tsatsa. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ke kare shi, ita ce ke dusashe shi in ya daɗe. Burushin waya kan bar ɓurɓushin ƙarfe a jikinsa, daga baya ya yi ɗigon tsatsa, sodar yin sabulu kuwa cinye shi take yi. Haka kuma akwai wani fenti marar launi da kamfani ya shafa masa, wanda ya tsufa ya koma ruwan ɗorawa, sai an fid da shi tukuna.

Muka wanke da kananzir, muka sake da ruwan omo. Daga nan ya jera mini samfefa: 180, 240, 400, 600, 800, 1200, 2000. Tun daga 400 da ruwa ake gogawa, kuma duk lokacin da aka sauya lamba sai a sauya hannu, in da tsaye ake yi a koma kwance, don a gane ko sawun ta baya ya ɓace. A nan ne na fahimci abin da ban taɓa tunani ba: ashe kwarzane ba cike shi ake yi ba, gefensa ake ci har ya sauko daidai da gindinsa. Kowace samfefa kwarzanenta take sawa a madadin na wadda ta gabace ta, sai dai ya fi ƙanƙanta, har a kai inda ido ba ya gani. Da hannuna ya gaji na yi wayo, na tsallake daga 400 zuwa 1200. Baba ya ɗaga murfin a rana, sai ga layuka raɗau. Ya miƙo mini 600 bai ce komai ba.

Sau da yawa yakan ce, "Ban ce ka gurza ba, ban ce ka kankare ba, cewa na yi ka goge." Ni da na haddace giredi bakwai na aikatau na Parsons don jarrabawa, a garejin nan na ji bambancin goga da goge da gogu a yatsuna.

Rana ta huɗu ya lakato Autosol a tsumma ya ce in murza. Tsumman ya yi baƙi ƙirin, gabana ya faɗi. Ya yi dariya ya ce ai ƙarfen ne ke fita, haka ake so. Da muka bi da tsumma mai tsabta sai ga fuskata a jiki. Ya duba ya ce, "Yanzu ya gogu." Ya gargaɗe ni kada samfefa ta taɓa bakin da gaskit ke zama, in ba haka ba baƙin mai zai riƙa yoyo.

Saura rami guda a ƙasan murfin hagu. Na so mu bi shi, Baba ya ƙi, ya ce ya yi zurfi, in muka nace murfin zai huje. Raina bai so ba, haka na koma da shi Kuje.

Kaka ya karɓa, bai ko kula da sheƙin ba. Ramin ya lalubo da ɗan yatsa, ya ce a nan suka faɗi cikin taɓo wata damina, ya goyo kakata zuwa asibiti da tsohon cikin kawu. Kawu na tsaye yana ji. Har yanzu injin bai tashi ba, kafireto ya toshe, tayoyi sun tsattsage. Amma da zan dawo makaranta kawu ya rako ni tasha, yana tambayata ko Baban nan na Apo yana gyaran kafireto, kuma nawa zai karɓa.